Zakara ne ko kaza? Abin da nake rubutawa a kan ƴan tsakina ruwa biyu

Asabar 2 ga Nuwamba 2024

To alhamdu lillahi yau ƴan tsakina sun shigo gida. Ƙwai 24 na ba maƙwabcinmu mai injin ƙyanƙyasa nan unguwar Zariya, kwana 21 suka yi, 18 suka fito lafiya, sauran wasu dama ba ƙwayar zakara a cikinsu wasu kuma tsakon ya mutu bai fasa ba. Dalilin da ya sa na ɗauki kaye zan riƙa rubutawa shi ne ina so in gane zakaru da wuri. Dusa da masara sun yi tsada, kuma sallar azumi ƙarshen watan Maris za ta faɗo in Allah ya kai mu, to so nake in ware mazan in ciyar da su don kasuwar salla, matan kuma in riƙe su don ƙwai, kowa da abincinsa da makwancinsa.

Ubansu ɗaya ne, jan zakarana, shi kansa ruwa biyu ne, ubansa Burahma, irin manyan kajin waje, uwarsa kazar gida, yana da gashi a ƙafa kuma zankonsa ɗan guntu ne a kwance mai layi uku ba irin mai tsayin nan ba. Iyaye mata uku ne. Akwai wata maja wake-wake mai zanen fari da baƙi, ita ta ba ni 7. Akwai jar kazar ƙwai irin ta gidan gona da na saya bayan sun gama da ita, tata 6. Sai kazar gida mai wuya ba gashi da aka kawo min daga Tibiri, tata 5. Na rubuta alama da fensir a kan kowane ƙwai, kuma ranar kwana 18 da ake daina juya ƙwai na roƙi Malam mai inji ya sa na kowace kaza cikin ragar albasa daban don kada su cakuɗe in sun fito. Yanzu na ɗaura musu zare a ƙafa, shuɗi ƴaƴan wake-wake, ja ƴaƴan kazar ƙwai, kore ƴaƴan ta Tibiri. Wannan shi ne abin da na fi ba muhimmanci, in san uwar kowa.

Inna tun ranar da nake tara ƙwan ta ce min "ke ɗiyar ga, dogon ƙwai mai tsini zakara ne, zagayayye kaza, haka muka taras." Na ce to Inna za mu gani. Abin da na lura dai shi ne ƙwan wake-wake duka dogaye ne, na kazar gona kuma duka zagayayyu, kowace kaza da irin ƙirar ƙwanta.

Litinin 4 ga Nuwamba

Malam mai inji ya shigo da safe ya duba musu fiffike. Ya ce "Hajiya kawo su ɗaya-ɗaya ki gani," sai ya buɗe fiffiken a hankali wajen haske, a bakin fiffiken akwai ƴan gasu layi biyu, ya ce in layin ƙasa ya fi na sama tsawo, wato dogo gajere dogo gajere, mace ce, in sun zo daidai da juna namiji ne. Na rubuta duk abin da ya faɗa a kan kowane tsako, ya ba ni mata 11 maza 7. Shi kansa ya ce ga kajin kamfani ya saba ganin abin na aiki, ga irin nawa sai dai a gwada.

Kawuna kuma da ya zo gaisuwa cewa ya yi a kama tsako ta ƙafafu a juya kansa ƙasa, in ya ɗago kai yana fama namiji ne in ya saki jiki mace ce. Na ce Kawu don Allah a bari, wallahi ba zan yarda a rataye tsakon kwana biyu ba, ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba kuma ruwan maƙoƙonsa na iya dawowa ya shaƙe shi. Haka nan duba ta dubura, ita kam hanya ce ta gaske, a ƙasar Japan aka fito da ita wajen shekarun 1920 kuma har yau masu wannan aiki sai sun daɗe suna koyo kafin a sakar musu tsaki, amma wanda bai iya ba in ya matse tsako zai iya yi masa lahani a ciki, don haka ban taɓa ba kuma ba zan bari a taɓa ba.

Abin da na gani da idona, cikin ƴaƴan wake-wake 6 baƙaƙe ne, 4 daga ciki suna da ɗigon fari a tsakar ka, 2 kansu baƙi wuluk. Na bakwai ɗin ruwan ƙasa ne ban ga komai a kansa ba.

Lahadi 10 ga Nuwamba

Ƙanena da ke karatun aikin gona a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya zo, na nuna masa ɗigon nan, ya zauna ya yi min bayani har na gane kuma bari in rubuta shi yadda na fahimta don shi ne tushen maganar duka. A wajen kaji uwa ce ke yanke namiji ko mace, saɓanin mutane. Akwai ƙwayoyin gado biyu da ake kira Z da W, zakara na da ZZ, kaza na da ZW. Kaza tana ba ɗanta namiji Z ɗinta, ɗiyarta mace kuma W take ba ta, ita ɗiyar Z ɗinta daga uba yake zuwa. To zanen wake-wake a kan Z yake zaune, kenan in uwa wake-wake ce uba kuma ba shi da zanen, duk ƴaƴa maza za su ɗauko zanen uwarsu, mata ko ɗaya ba za ta ɗauko ba, kuma alamarsa a ranar farko ita ce wannan ɗigon fari a ka. Ya ce "Yaya waɗannan huɗun ki rubuta zakaru kawai, biyun nan kaji."

Maganar fiffike ma haka take in ji shi, saurin fitar gashi ko jinkirinsa shi ma a kan Z yake, sai uba ya zama mai saurin gashi uwa mai jinkiri sannan dubawar za ta yi aiki, kamfanoni da gangan suke haɗa iyayen haka. Ni kuwa zakarana rabinsa Burahma, su kuma an san su da jinkirin gashi, zai iya ba ɗiya mace jinkirin ya ba ɗa namiji saurin, to me fiffike zai gaya min. Launi ma haka, kajin ƙwai irin su ISA Brown a ranar ƙyanƙyasa mata jajaye ne maza farare, amma wannan na haɗin farko ne da kamfani ya yi, in ita jar kazar ta haihu da wani zakara abin ya warware. Cikin nata akwai biyu masu haske sosai da kowa ke ce min zakaru ne, na bar su da alamar tambaya.

Ɗaya daga cikin masu jan zare ya mutu daren Alhamis, tun farko dama bai cika cin abinci ba, abin ya taɓa ni. Saura 17. Ma'aikacin kiwo ya zo ya ɗiga musu rigakafin Niyukasul a ido, don sanyi na tafe kuma lokacin ne ciwon ke share kajin unguwa.

Asabar 23 ga Nuwamba

Sati uku. Gashin fiffike ya fito sosai, huɗun nan masu ɗigo duk zanen fari ya bayyana a gashinsu layi-layi, baƙaƙen biyu kuma baƙi ne har ƙarshe. Na ruwan ƙasan nan da ban gane ba, yau da na ɗaga shi wajen rana na ga zane mai haske-haske yana ratsa gashinsa, bai fito fili irin na ƴan'uwansa ba amma yana nan, kenan shi ma namiji. Gidan wake-wake an gama, maza 5 mata 2, kuma duk daga dogon ƙwai suka fito. Na gaya wa Inna ta yi shiru ta ce "to Allah shi ya san abin da ke cikin ƙwai."

Na kwance zaren kowa na sake ɗaurawa da sassauci, ƙafa na girma da sauri, in aka manta zaren zai nutse cikin nama.

Juma'a 13 ga Disamba

Sati shida ya kusa, hunturu ya sauka sosai, da dare ina sa musu garwashi cikin tukunyar ƙasa mai huji a tsakiyar akurki in rufe gefen iska da buhu amma ina barin sama a buɗe saboda hayaƙi. Yanzu ne zanko ya fara magana, kuma nan ne na ga inda mutane ke ruɗewa da kaji ruwa biyu. Cikin goman da suka rage, wasu sun ɗauko zanko mai tsayi mai haƙora irin na iyayensu mata, wasu sun ɗauko guntun nan na ubansu. In ka ɗauki mai dogon zanko ka gwada da mai guntu, ko da macen ce mai dogon za ka ce ita ce zakara don nata ya fi fitowa. To sai na raba su gida biyu, masu tsayi tare masu guntu tare, na riƙa gwada kowa da irinsa.

Masu tsayin su shida ne kuma abin ya fito fili. Biyu zankonsu ya tashi ya yi kauri ya fara ja sosai, leɓen nan biyu na ƙasan baki sun sauko sun yi ja su ma, sauran huɗun nasu ƙarami ne launinsa rawaya-rawaya ko ɗan ruwan hoda kaɗan. Launin ya fi girman muhimmanci a ganina, don sagara ba ta yin jan zanko sosai sai ta kusa fara ƙwai, tsakon sati shida da ya yi ja jawur kusan kullum namiji ne. Amma a duba su da safe suna cikin natsuwa, na lura in an bi su da gudu ko rana ta yi zafi fuskar kowa sai ta yi ja, in suka huta ta koma.

Masu guntun huɗu su ne wahala. Irin wannan zanko ba ya tashi sama, faɗi yake yi, kuma leɓensu ma ƙanana ne ko ga namijin. Ɗaya na ga layukan uku sun fito sun kumbura sun yi ja, na rubuta namiji. Biyu layin tsakiya kawai ake gani siriri fari-fari, na rubuta mata. Sai ta huɗun, mai koren zare, wuyanta da gashi, ƙafarta cike da gashi, ta fi kowa girma a cikin goman, ƙafa mai kauri, zankon kuma ba ja ba fari. Yara suna kiranta Babba. Duk wanda ya shigo gidan nan cewa yake zakara ne, ni dai na bar wurin ba rubutu.

Na koma kan lissafin fiffike na ranar 4 ga Nuwamba na gwada da na gidan wake-wake da na tabbatar, cikin bakwai huɗu ya dace uku bai dace ba. Masu hasken nan biyu ƴaƴan kazar gona kuwa, ɗaya na cikin masu jan zanko ɗaya na cikin masu rawaya.

Asabar 28 ga Disamba

Faɗa ya fara, suna tsayawa gaba da gaba su tada gashin wuya su yi tsalle su haɗa ƙirji. Ana cewa maza ne ke haka, amma na tsaya na kalla da kyau, baƙaƙen nan biyu da na san mata ne su ma suna yi, Babba kuwa har zakarun wake-wake take kora daga bakin abinci. Hali yana taimakawa kaɗan, maza sun fi miƙewa tsaye su ɗaga kai in shirwa ta gifta, amma ba zan sayar da kaza a kan hali ba. Ƙaimi ma ba a maganarsa yanzu, kowa na da ɗan ƙullin nan a bayan ƙafa mace da namiji.

Na ware maza takwas da na tabbatar zuwa ɗaya akurkin, na ƙara musu masara da ƙuli-ƙulin gyaɗa da ɗan garin kifi.

Lahadi 26 ga Janairu 2025

Sati goma sha biyu, kuma wannan ita ce dubawar da nake jira tun farko. Gashin gadon baya, daidai gaban wutsiya. Ana kama kaza a riƙe ta a jiki, a sa yatsa a ɗaga tsohon gashin sama a duba sabon da ke fitowa a ƙasa, in ana so a gani sosai a zura farar takarda ƙarƙashin gashin. Na namiji siriri ne dogo mai tsini kamar ganyen dogon yaro kuma yana sheƙi, gefensa sako-sako, na mace kuwa bakinsa zagaye ne kamar ganyen zogale, ba sheƙi. Gashin wuya ma haka yake amma na fi yarda da na baya, don na wuya ko ga mace yakan ɗan yi tsini, ga kuma ƴaƴan ta Tibiri da uku daga cikinsu wuyan ba gashin kirki balle a duba. Su abin da na gani shi ne namijin cikinsu fatar wuyansa ta yi ja sosai har ƙirji, matan tasu ba ta kai haka ba.

Takwas ɗin da na ware duk tsini ne, wasu har jan gashi mai duhu ya fito musu a kafaɗa faci-faci, wutsiya ta fara lanƙwasa tana ɗaukar kore-kore in rana ta haska. Na bi tara ɗin da ke akurkin mata ɗaya bayan ɗaya. Babba zagaye ne, na duba na sake dubawa na kira ƙanena ya duba, zagaye ne babu ko ɗaya mai tsini. Girman nan da kaurin ƙafa jinin Burahma ne ta ɗauko daga kakanta.

Sai kuma wanda ba wanda ya kula da shi, ɗan ƙarami mai koren zare mai guntun zanko, kullum yana gefe sai kowa ya ci yake ci. Da na ɗaga gashinsa sai ga ƴan sirara guda uku ko huɗu masu tsini suna leƙowa, launin zinariya, suna sheƙi. Namiji ne, zankonsa har yanzu bai yi ja ba.

Juma'a 14 ga Fabrairu

Cara ta fara tun makon jiya, ɗaya daga cikin wake-wake ne ya buɗe, murya a shaƙe, yanzu huɗu ke yi da asuba. Ƙaramin nan ban kai shi cikin manyan ba don za su hana shi ci, na sa shi shi kaɗai a kwando babba da abincinsa, kuma cikin sati biyu da ƴan kwanaki zankonsa ya kumbura ya yi ja, gashin bayan ya zubo. Ƙanena ya ce dama haka ne, zakaran da aka danne yakan yi jinkirin nuna kansa, in ya samu sarari sai ya fito. Wannan ya sa nake ganin duk mai kaji ruwa biyu kada ya rufe lissafinsa a sati shida, jan zanko da wuri yana tabbatar da namiji amma rashin jan bai tabbatar da mace ba, musamman ga masu jinin manyan kaji da ke daɗewa ba su balaga ba.

Lissafi yanzu, maza 9 mata 8. Wake-wake maza 5 mata 2, kazar gona maza 2 mata 3, ta Tibiri maza 2 mata 3.

Litinin 24 ga Maris

Muna cikin goman ƙarshe na azumi, zafi ya shigo. Yau ranar kasuwa na ba ƙanena zakaru shida ya kai babbar kasuwa, sun tafi duka kafin azahar, wake-waken suka fara tafiya don sun fi cika ido, kuma kuɗin sun rufe abincin da na saya tun Nuwamba har da ɗan saura. Biyu na bari na salla, ɗaya namu ɗaya na Inna. Ƙaramin na ba wata ƴar'uwata a Jiratawa don ba na son namiji ko ɗaya ya zauna kan ƴan'uwansa mata, uban ma zan raba shi da su.

Matan kuma fuskarsu ta fara ja, zankon masu tsayin ya girma har na wata ya kwanta gefe, wanda bai sani ba yau zai ce zakaru ne. Na fara sa musu dakakken ɓawon ƙwai da ƙashi a wani kwano daban, na gyara kwanduna da ciyawa a lungu mai duhu.

Alhamis 10 ga Afrilu

Ɗiyar kazar gona ce ta fara ƙwai tun kwana biyu bayan salla, baƙaƙen biyu suka biyo. Yau da hantsi na ji kuka a akurki na leƙa, Babba ce a kwando, ta tashi ta bar ɗan ƙwai ruwan ƙasa mai haske, sati 23 kenan ba kwana biyu. Na aika yaro ya kai wa Kawu ya gani don shi ya fi kowa tsayawa a kan zakara ne, ya aiko da cewa Allah ya sa albarka.

Zagaye na gaba ƙwan wake-wake kawai zan tara da jan zakaran nan, tunda shi ne haɗin da ke nuna min namiji tun ranar farko. Baƙaƙen ɗiyanta ba za su yi wannan aiki ba don ba su ɗauko zanen ba, zakara wake-wake ma ba zai yi ba don shi yana iya ba maza da mata zanen gaba ɗaya, dole uwa ce mai zane uba marar zane. Kaza ɗaya kuma ba za ta cika min inji cikin sati guda ba, ƙwan da ya wuce kwana bakwai zuwa goma a wannan zafi ba ya ƙyanƙyasuwa da kyau, don haka na ce wa ƙanena gobe Juma'a ya duba min wake-wake biyu masu lafiya a kasuwa, in an samu zan killace su daban sati biyu zuwa uku kafin su shiga cikin nawa, saboda ciwo da kuma don ƙwan zakaran da suka baro ya fita daga jikinsu.